Bulo 346 a sarari, amma faifai ya ce ya cika: iyakar fayil 144 a Commodore 1541

Lamarin da za a duba a nan ya shafi kwamfutar Commodore 64 da na'urar faifanta, 1541, waɗanda kamfanin Commodore na Amurka ya fitar a 1982. A ɗauki faifan fulofi mai faɗin inci 5.25 da ake ajiyar bayanan abokan ciniki a kai. Manhajar da ke aikin, wadda aka rubuta da BASIC, ta ci bulo 38 (bulo shi ne ƙaramin yankin da ake auna filin faifai da shi). Kowane abokin ciniki an buɗe masa fayil nasa na kansa, nau'in SEQ, wanda ake karantawa a jere daga farko zuwa ƙarshe, mai bayit 300 zuwa 500, wato bulo biyu-biyu. An kai fayil 140. Akwai kuma layuka uku na ado da aka saka a jerin sunaye don su raba manhaja da bayanai. Ranar da aka zo shigar da mutum na 141, manhaja ta karɓi komai, ta koma shafin farko kamar an gama, sai dai jar fitilar gaban na'urar tana ta ƙiftawa. Washegari aka nemi bayanin mutumin, babu shi babu alamarsa. Da aka duba jerin sunaye, layin ƙarshe ya ce 346 BLOCKS FREE. Fiye da rabin faifan ke nan ba a taɓa ba.

Abin da ya fara ɓatar da mutane shi ne shirun kwamfutar. 1541 ba kurmar na'ura ba ce da ke jiran kwamfuta ta juya ta. Tana da nata ƙwaƙwalwar 6502, da RAM na kilobayit 2, kuma tsarin da ke kula da fayiloli, DOS 2.6, a cikinta yake zaune. Idan wani abu ya ƙi, ita ce ta sani, kuma ba ta aika wa Commodore 64 labari sai an tambaye ta. Iyakarta ta ƙifta fitila. Tambayar ana yin ta ne ta tasha ta 15, hanyar da aka ware don aika wa na'urar umarni da karɓar saƙon kuskure:

63000 OPEN 15,8,15:INPUT#15,A,B$,C,D:PRINT A;B$;C;D:CLOSE 15

Dole a ba layin lamba, domin INPUT# ba ya aiki kai tsaye daga allo. An zaɓi 63000 ne don kada ya hau kan wani layin manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwa, kuma a kira shi da GOTO 63000. Sai dai shigar da sabon layi kansa yana share bayanan da manhaja ke riƙe da su a ƙwaƙwalwa, ko da yake ba ya taɓa layukan manhajar. A wannan faifan amsar da ke fitowa ita ce 72, DISK FULL, 0, 0.

Gargaɗi ɗaya tun kafin a je ko'ina. Hanyar da kowa ya saba duba jerin sunaye ita ce LOAD"$",8 sannan LIST. Wannan umarnin yana loda jerin ne a daidai wurin da manhajar BASIC take zaune. Wanda SAVE ya ƙi masa, ya ga fitila na ƙiftawa, ya yi garajen loda jerin don ya ga me ya faru, to da hannunsa ya goge aikin da bai samu shiga faifai ba. A fara saka wani faifan mai wuri a adana, sannan a dawo bincike.

Inda lamba 144 ta fito

Faifan 1541 gefe ɗaya ake rubutawa, kuma an zana shi zobe-zobe har 35, daga baki zuwa ciki. Zoben waje sun fi tsawo, don haka sun fi ɗaukar bulo: zobe na 1 zuwa na 17 kowane bulo 21, na 18 zuwa na 24 bulo 19, na 25 zuwa na 30 bulo 18, na 31 zuwa na 35 bulo 17. Jimla 683. Kowane bulo bayit 256 ne, amma biyun farko adireshin bulo na gaba ne, don haka 254 ne ke ɗaukar kaya. Fayil sarƙa ce ta bulo, kowane yana nuna na bayansa.

Zobe na 18, wanda ke tsakiya, an ware shi gaba ɗaya don rajista, wato jerin sunayen fayiloli. An sa shi a tsakiya ne don kan karatu ya rage zirga-zirga, tunda duk buɗe fayil sai an leƙa can. Cire bulo 19 ɗinsa daga 683 shi ke ba da 664 ɗin da sabon faifai ke nunawa. A cikin 19 ɗin, bulo na 0 yana riƙe da sunan faifai, da lambar shaidarsa mai harafi biyu, da taswirar da ke nuna wane bulo ne a kame, wane ne a sake, wadda ake kira BAM. Saura 18, na 1 zuwa na 18, su ne rajistar. Kowane fayil yana cin gurbi mai bayit 32, bulo ɗaya yana ɗaukar gurbi 8. Takwas sau goma sha takwas, 144.

Gurbin kansa ga yadda yake. Bayit na 0 da na 1 suna aiki ne a gurbin farko na kowane bulo kaɗai, inda suke nuna bulon rajista na gaba. Bayit na 2 shi ne nau'in fayil: 129 SEQ, 130 PRG, 131 USR, 132 REL, 128 kuma DEL. Na 3 da na 4 suna nuna zobe da bulon da fayil ya fara. Daga na 5 zuwa na 20 suna ne, harafi 16, ana cike ragowar da lamba 160. Na 30 da na 31 yawan bulon fayil ne. Tsayin suna ba ya rage komai ba ya ƙara komai: fayil mai suna A da mai suna harafi 16 gurbi ɗaya suke ci. Haka ma girma. Fayil mai bulo 200 da layin ado mai bulo 0 duk ɗaya suke a idon rajista.

DOS ba ya kama bulo 18 ɗin a lokaci guda. Sabon faifai bulo na 1 kawai yake da shi. Idan gurbi takwas sun cika sai ya ɗauki wani, yana tsallake uku-uku: 1, 4, 7, 10, 13, 16, sai ya zagayo 2, 5, 8, har ya ƙare a na 18. Idan ya nemi sabo a zobe na 18 bai samu ba, ba ya ƙetarawa zuwa na 17 ko na 19 kamar yadda yake yi wa fayilolin bayanai. Nan take yake tsayawa da kuskure na 72, saƙo ɗaya da wanda yake bayarwa idan bulo ne suka ƙare. Wannan haɗa cuta biyu a suna ɗaya shi ne babban aibin tsarin, domin lissafin BLOCKS FREE ba ya ƙirga zobe na 18 ko kaɗan, kuma jerin ba ya faɗin yawan fayiloli. Ba wata lamba a allo da ke gargaɗin cewa ana dab da bango.

A faifan da ake magana a kai lissafin ya fito sarai: manhaja 1, ado 3, bayanai 140, gurbi 144 cif. Bulo kuwa 38 da 280, wato 318, saura 346.

Za a iya hango wannan tun ranar da ake tsara manhajar. Raba 664 gida 144 yana ba da 4.6. Duk faifan da matsakaicin fayilolinsa bai kai bulo 4.6 ba, kimanin bayit 1,170, rajistarsa za ta riga fili cika. Masu ajiyar wasanni, inda fayil ɗaya kan ci bulo ɗari ko fiye, ba su taɓa jin ɗuriyar wannan iyakar ba. Masu ajiyar gajerun wasiƙu, da ƙananan zane, da waƙoƙin SID (na'urar sautin Commodore 64), da matakan wasa ɗaya-ɗaya su ne ke cin karo da ita.

Tabbatar da cutar

Ƙirga layukan jerin sunaye da ido yana yiwuwa, amma 144 suna gudu a allo mai layi 25, ga saurin kuskure. Hanya mafi tsabta ita ce a tambayi BAM. Kowane zobe yana da bayit huɗu a taswirar, kuma na farkonsu shi ne yawan bulon da suka rage. Na zobe na 18 yana matsayi na 72, wato 18 sau 4.

10 OPEN 15,8,15,"I0":OPEN 2,8,2,"#"
20 PRINT#15,"U1";2;0;18;0
30 PRINT#15,"B-P";2;72
40 GET#2,A$:PRINT ASC(A$+CHR$(0))
50 CLOSE 2:CLOSE 15

Sabon faifai zai ce 17. Faifan da rajistarsa ta mamaye zoben duka zai ce 0. An haɗa CHR$(0) a layi na 40 ne saboda GET# yana mayar da sifili a matsayin fanko, ASC kuma ba ya karɓar fanko, sai manhaja ta mutu a daidai amsar da ake nema.

Wani lokacin amsar 0 ce, kuskure 72 ne, amma sunayen ba su kai 144 ba, sun tsaya a 96 ko 120 ko wata lamba da ke rabuwa da takwas. Wannan alama ce ta cewa wani abu ya zauna a zobe na 18. Masu haɗa faifan wasanni sun saba cusa bayanai a bulon rajistar da ba a yi amfani da su ba, don su tatsi ɗan ƙarin fili. Duk bulo ɗaya da aka ara ta haka gurbi takwas ne suka tafi.

A kuma duba ko akwai suna mai tauraro a gaban nau'insa, kamar *SEQ. Fayil ne da aka buɗe ba a rufe ba, ko wuta ta ɗauke, ko an zare faifai ana cikin rubutu. Ba ya karantuwa ta hanyar da aka saba, amma yana riƙe da gurbi. Irin wannan ba a goge shi da umarnin S, domin sarƙarsa ba ta da ƙarshe na gaskiya, tana iya faɗawa cikin bulon wani fayil mai lafiya, DOS ya bi ta yana sakin su. Maganinsa V0, wanda ke cire irin waɗannan gurabe ya sake gina BAM daga sarƙoƙin fayilolin da ke rufe. Shi ma V0 yana da nasa haɗarin: yana sakin duk bulon da wata manhaja ta kama kai tsaye ba tare da suna a rajista ba, kuma ba a yin sa daga BASIC a kan faifan GEOS, wani tsarin sarrafa kwamfutar mai hotuna, wanda tsarin fayilolinsa daban ne.

Samun numfashi

Goge fayil ɗaya ya isa a ci gaba. Umarnin S0:SUNA ba ya share bayanai, yana mayar da bayit ɗin nau'i zuwa 0 ne ya saki bulon a BAM. Duk lokacin da za a buɗe sabon fayil, DOS yana bin rajista daga farko, gurbin farko da ya tarar da 0 shi yake ɗauka. Shi ya sa sabon fayil kan ɓullo a tsakiyar jeri, kuma shi ya sa a cikakkiyar rajista fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ba shi da rabon dawowa idan aka yi ko da rubutu ɗaya bayansa: gurbinsa ne kaɗai a sake.

A wannan faifan abin da ya fi sauƙin sadaukarwa shi ne layukan ado uku. Sai dai a yi hattara. Wasu manhajojin da ke saka irin wannan adon suna sa gurbin ya nuna zobe na 18 a matsayin farkon fayil. Idan aka goge shi da S, DOS zai bi sarƙar ya saki bulon rajistar kanta a taswira. Hanyar da ba ta taɓa komai ita ce a canza bayit ɗin da hannu: a karanto bulon da U1, a sa manuni da B-P a matsayin da ya dace, wato lambar gurbi daga 0 zuwa 7 sau 32 a ƙara 2, a aika PRINT#2,CHR$(0); da alamar ; a ƙarshe don kada wani bayit ya biyo baya, a mayar da bulon da U2, sannan a aika I0 don na'urar ta sake karanta faifan. Wannan aiki a kan kwafi ake fara yin sa, ba a kan faifan asali ba.

Akwai wani tarko da cikar rajista ke haifarwa wajen gyaran tsohon fayil. Umarnin maye gurbi mai alamar @ yana amfani da gurbin da ke nan, don haka ba ya buƙatar sabo, amma an san shi da wani aibi a 1541 da kan hargitsa fayiloli jefi-jefi, har masu hankali suka guje shi. Abin da suke yi shi ne su adana da sabon suna, su goge tsohon, su canza suna da R0. Wannan dabarar tana buƙatar gurbi ɗaya a sake. A aikace ke nan, faifan da ake gyara fayilolinsa iyakarsa 143 ne. Haka umarnin C0, wanda ke iya haɗa fayilolin SEQ har huɗu su zama ɗaya, sai ya sami gurbin da zai sa sabon kafin a goge tsofaffin, kuma idan sunayen sun yi tsawo layin umarnin ya wuce abin da na'urar ke ɗauka, sai ta ce kuskure na 32.

Gyara na dindindin

Gurbi uku ba sa kai mutum ko'ina. Asalin kuskuren a tsarin manhajar yake: fayil ɗaya ga mutum ɗaya. DOS ɗin yana da abin da aka yi musamman don irin wannan aiki, fayil nau'in REL, wanda ke riƙe da dubban bayanai masu tsayi ɗaya a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma ana iya tsallakawa kai tsaye zuwa kowane da lambarsa. Ana buɗe shi da OPEN 2,8,2,"KUNDI,L,"+CHR$(250). Tsayin bayani ɗaya ba ya wuce bayit 254, don haka mai bayit 500 sai a ba shi biyu a jere masu 250. Mutum na N yana samun lamba 2N-1 da 2N.

REL yana cin wasu bulo na gefe da ke riƙe da adireshin bulon bayanai, kowane ɗaya yana kula da 120, kuma ba sa wuce shida. A sabon faifai mai manhajar nan ta bulo 38, saura 626. A cire shida, 620. Sau 254 ya ba da bayit 157,480, wanda ya ishi mutum 314. Daga 140 zuwa 314 a faifai iri ɗaya, da gurbi biyu kacal a rajista.

Wahalarsa a wajen rubuta manhaja take. Kafin kowane karatu ko rubutu sai an aika umarnin P ta tasha ta 15, ɗauke da lambar tasha da lambar bayani a bayit biyu, ƙaramin kafin babban. Yana da kyau tun ranar farko a nufi lamba mafi girma da ake sa ran kaiwa a rubuta mata wani abu. Na'urar za ta ce 50, RECORD NOT PRESENT, wanda a nan ba matsala ba ce, sannan ta gina dukan fayil ɗin a zama ɗaya. Idan ba a yi haka ba, fayil yana girma kaɗan-kaɗan kuma kowane ƙari sai an jira. Rubuta abin da ya wuce 250 yana jawo kuskure na 51, a yanke wutsiyar. Masu aiki da 1541 sun kuma saba aika P sau biyu saboda wani aibi da ke lalata bayani idan ya ratsa iyakar bulo biyu, kuma mai tsayin 250 kusan kullum yana ratsawa. Sannan bayan kowane OPEN da kowane rubutu a karanta tasha ta 15. Rashin wannan layi ɗaya ne ya sa bayanin mutum na 141 ya ɓace ba tare da kowa ya sani ba. A buɗe tasha ta 15 a farkon manhaja, a rufe ta a ƙarshen ƙarshe, domin rufe ta yana sa na'urar ta rufe sauran fayilolin da ke buɗe.

Akwai masu faɗaɗa rajistar kanta. Tunda sarƙa ce, bulon ƙarshe yana ɗauke da 0 da 255 a bayit biyunsa na farko, alamar nan ne iyaka. Idan aka canza su suka nuna wani bulo a zobe na 19, aka share shi, aka kama shi a BAM, DOS zai bi wajen karatu, sunaye fiye da 144 su fito. Dabara ce mai aiki ga faifan da aka gama haɗawa za a riƙa karantawa kawai. Ga faifan kasuwanci da ake rubutu kullum ba shawara ba ce: manhajojin saurin lodi da na kwafi da yawa sun ɗauka rajista ba ta fita daga zobe na 18.

Sayen babbar na'ura ma ba lallai ya warware ba. 1571 tana rubutu a gefe biyu, bulo 1,328, amma rajistarta tana nan a 144, don haka a can matsalar ta fi saurin zuwa idan aka kwatanta da fili: sai matsakaicin fayil ya wuce bulo tara kafin fili ya riga ƙarewa. 1581 mai faifan inci 3.5 ce ta matsa iyakar, da bulon rajista 37 a zobe na 40, gurbi 296, da bulo 3,160 na kaya.

Sauran kwamfutocin zamanin kowace da nata bangon, kuma 144 ba ta cikin na baya. DFS na BBC Micro a Ingila fayil 31 yake ɗauka a gefe ɗaya. DOS 2 na Atari 64. DOS 3.3 na Apple II 105. Faifan megabayit 1.44 na MS-DOS, gurbi 224 ne a babban shafinsa, sai dai shi yana da mafita: a buɗe folda, domin folda fayil ce da ke iya girma. Daga Windows 95 dogayen sunaye suka fara cin gurbi fiye da ɗaya, ƙarin gurbi ga kowane harafi 13, ta yadda 224 ɗin ke ƙarewa da fayil saba'in da 'yan kai idan sunayen sun kai harafi ashirin. Irin wannan ne ke faruwa da ƙaramin memori na gigabayit 1 ko 2 mai tsarin FAT16, mai gurbi 512 a babban shafi, idan aka zuba masa waƙoƙi ba tare da folda ba ya ƙi karɓa alhali da fili.

Iyakar 1541 ta bi faifan har cikin kwamfutocin yau. Hoton faifai nau'in D64, wanda manhajojin kwaikwayon Commodore 64 irin su VICE ke buɗewa, kwafin bulo 683 ɗin ne ɗaya bayan ɗaya, bayit 174,848. Zobe na 18 yana farawa bayan bulo 357 na zoben farko goma sha bakwai, wato a bayit na 91,392. A ƙara 72, a duba bayit na 91,464 da kowace manhajar leƙa cikin fayil: lambar da ke wurin ita ce yawan bulon rajistar da suka rage, kowane da gurbi takwas.